Kwarashi a Hannun Hagu

Yayata bahaguwa ce, kuma in ka cire mu 'yan gida da mijinta, ba kowa ya sani ba. Tun tana ƙarama aka tanƙwara ta. Da dama take ci, da dama take miƙa abu, da dama take rubutu, rubutun nan kamar kaza ta yi tono. Saƙa ce kawai ta gagari kowa. In ba a hagu ta riƙe kwarashi ba, ko layi ɗaya ba ta kaiwa.

Shagonta ɗan mitsitsi ne: tebur, kwandon ulu, hulunan jarirai a rataye bisa igiya, da wata fanka da ta fi ƙara yawa a kan iska. Da mata suka dame ta da a koya musu, ga wuri ba ya ɗaukar mutum uku, sai ta buɗe musu guruf a WhatsApp. Ta ɗaure wayarta da roba a jikin katakon da ke saman tebur, tana ɗaukar hannuwanta kawai, tana bayani da muryar nan tata mai sanyi. Ni kuwa, da yake a shagon ɗaukar hoto nake aiki, ni ce mai gyara bidiyon.

Ranar farko ta ce, "Auta, an ce ana iya juya hoto, hagu ya koma dama?"

"Ana iyawa, Yaya. Amma don me?"

"Ke dai juya. Ba na son surutu."

Na juya. Haka muka yi ta yi, mata suna koyo, suna turo hotunan safa da rigunan sanyi, kowa na kiranta Malama. Ta iya koyarwa, ba don yayata ce ba. Mace za ta turo hoton abin da ta jagwalgwala, Yaya ta ƙara girman hoton, ta ce, "A layi na huɗu kika tsallake ɗaya, warware ki dawo." Kuma a nan ɗin ne.

Wata rana da hantsi na kai mata cajarta, na tarar tana sauraron saƙon murya daga wata mai sayar da kayan miya, wadda ta sa 'yarta a guruf ɗin. Matar ta ce, "Malama, ki cire yarinyar nan. Bahaguwa ce. Kina yi nan, ita tana yi can. Na buge hannun har na gaji, jiya kuka ta yi ta yi, ta ce ita daƙiƙiya ce. Gara ta haƙura."

Yaya ta sake saurara. Raina ya ɓaci, da matar, da Yaya, har da ni mai juyawa. Na buɗe baki zan yi magana, ta ɗaga mini hannu.

"Kunna wayar," in ji ta. "Wannan bidiyon kada ki juya shi."

Ta ɗora hannuwanta a tebur. Ta ce, "Salamu alaikum. Wannan darasi na 'yar mai kayan miya ne. 'Yata, dubi hannun da na riƙe kwarashi. Da shi na saƙa duk abin da kuka gani, juya muku hoton ake yi. Ke ba daƙiƙiya ba ce, ni ce na ɓoye miki hanya. Maman yarinya, don Allah ki bar mini hannun nan." Sannan ta fara daga farko, a hankali, zare na tafiya ta inda bai taɓa bi ba a idon ɗalibanta.

Surutun da take gudu ya zo. Wata ta rubuta cewa ita ba za ta sa wa jaririnta abin da aka saƙa da hagu ba, ta fice. Daga uwar yarinyar kuwa shiru, kuma wannan shirun ne ya hana Yaya sakat. Ko allura ta faɗi sai ta duba waya.

Ana nan sai ga bidiyo. Wasu 'yan yatsu sirara, kwarashi a hagu, da wata safa karkatacciya da ba ƙafar da za ta shiga. Hoton yana ta rawa, don a hannu aka riƙe wayar. Yarinyar ta kuskure, ta tsaya cik, ta janye hannun kamar mai jiran duka. Sai muka ji muryar uwar daga bayan wayar.

"Ci gaba abinki. Warware ki dawo, ina riƙe da wayar."

Yaya ta kife wayar a cinya, ta ce fankar nan tana sa mata hawaye. Ban taɓa alfahari da ita kamar ranar ba.