Shaidar Da Na Bayar A Gaban Matar Mamaci

A shekarun farko na Jihar Jigawa ni matashin magidanci ne a wani ƙauyen Gwaram. Ina noma, ranar Lahadi kuma ni ke jan waƙa a 'yar majami'armu. Bakina ba ya gajiya, kuma a ganina babu abin da ya shige mini duhu game da Allah.

Wata ranar kasuwa muka shiga motar Birnin Kudu da maƙwabcina, wanda muke sujada tare. Na riga shi kama kujerar gaba, ya roƙe ni in bar masa saboda ƙafarsa na ciwo, na koma baya ina ƙunƙuni. A hanya taya ta fashe, motar ta daki bishiya. Ya rasu nan take, ni ko ƙwarzane ban yi ba. Bayan mako uku, ranar Lahadi lokacin ba da shaida a majami'a, na miƙe na zayyana labarin kaf. Na ce Ubangiji ne da kansa ya tashe ni daga kujerar nan, domin yana da shiri a kaina. Aka yi ta tafi da guɗa. Sam na manta matarsa na zaune a layin mata da goyonta, sai da na ga fitarta.

Ba ta ƙara zuwa sujada ba. Da fasto ya aike ni wurinta, ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, sannan ta tambaye ni a hankali, tana kirana Malam, idan Allah ne ya tashe ni, wa ya zaunar da mijinta. Na ce shirin Allah ya fi ƙarfin saninmu. Ta ce to yaya aka yi ranar Lahadin nan na san shi sarai. Na tashi na koma gida. Na yi ta tambayar dattawa ko zan samo amsar da zan kai mata, har kaka ta yi, 'yan'uwanta suka zo suka tafi da ita Kano.

Yanzu na tsufa, na kuma gaji da neman amsar. Na gaskata har yau cewa ni da marigayin duka a hannun Allah muke a ranar, amma dalilin da ya sa aka bar ni ban sani ba. 'Yan'uwa, in kun tsira daga abin da ya ci wani, ku gode wa Allah, amma kada ku yi masa tafinta a gaban masu makoki. Baiwar Allahn nan ba bayani take jira daga gare ni ba. Gafararta ya kamata in nema, kuma har ta tafi ban nema ba.