Fitilar filas ɗin ba ta daina ƙiftawa ba

Shekarun baya, wata huɗu da rasuwar mahaifiyata, Allah Ya jiƙan ta, wayata ta fara mutuwa da kanta. Mai gyara ya ce sai an goge komai na ciki. A cikin nan kuwa akwai bidiyon mahaifiyata guda ɗaya tal, wanda na ɗauka a gidanmu na Taura. Tana ɓarar gyaɗa tana ba ni labarin kakanninmu, kusan awa biyu, a ƙarshe ta ɗaga hannu ta yi wa kowannenmu addu'a da sunansa.

Ranar wata Juma'a na tafi gidan yayana a nan Dutse, shi ne ɗan kwamfutar gidanmu. Ya jona wayar, ya jona filas, ɗan abin nan da ake adana bayanan kwamfuta a ciki, ya fara tura bidiyon cikinsa. Ni dai ban san komai ba, a sakandare ma daga nesa muke hangen kwamfuta. Sai na zuba ido. Layin da ke nuna tafiyar aikin a kwamfutar ya cika, yayana ya ce an gama, in kawo wayar ya ajiye wa mai gyara a hanyarsa ta masallaci.

Amma ni na lura da wata 'yar jar fitila a jikin filas ɗin, tana ta ƙiftawa ba ta tsaya ba. Na faɗa masa. Ya yi dariya, ya zare filas ɗin, ya ce, "Injiniya, kwamfutar da kanta ta ce ta gama."

Ban taɓa yi wa yayana gardama ba. Ranar dai na cusa wayar cikin hijabina na ce, "Yaya, ka yi haƙuri, ba mai goge wayar nan sai na ga addu'ar da idona."

Ya ce ina ɓata masa lokaci, matarsa ma ta sa baki wai in bari. Amma ban miƙa wayar ba. Don ya kunyata ni ya mayar da filas ɗin, ya ja bidiyon zuwa can gaba. Hoton ya daskare tana tsakiyar magana, gyaɗa a hannunta. Daga nan babu komai. Addu'ar ba ta shiga ba.

Daga baya yayan nawa ne ya bayyana mini cewa idan abu ya yi girma, kwamfuta kan tara shi a cikinta, ta nuna ta gama, sannan ta riƙa zuba shi a filas kaɗan-kaɗan. Na ce ashe irin ɗura kunu ne a gora mai ƙaramin baki. Ya ce kusan haka. Muka sake turawa bayan ya dawo daga masallaci, muka jira fitilar ta tsaya, ya danna wurin cirewa a kwamfutar, ya zare filas ɗin ya sake jonawa, muka kalla har ƙarshe. Da mahaifiyarmu ta ambaci sunansa a addu'ar, ya tashi ya fita tsakar gida.

Har yau ba na son sa-in-sa, da an ɗaga murya hawaye ke riga ni magana. Amma na daina jin kunyar faɗin abin da idona ya gani don kawai wanda ke gabana ya fi ni karatu. Da na ji kunya ranar, da 'ya'yana ba su taɓa jin muryar kakarsu tana roƙa musu albarka ba.