Rantsuwar da Baba Kyari Ya Ƙi Yi

Shekara bakwai ke nan da rasuwar kakana, Baba Kyari, baduku a Birnin Damagaram. Abin da ya tuno mini da shi darasi ne a lakwal, makarantar boko. Malaminmu, da muke kira Mushe, ya ce masu jawabi na Girkawan dā sukan ɗaga hannu su rantse da gumakansu a tsakiyar magana, taro ya gaskata su. 'Yan aji suka yi dariya. Ni na sunkuyar da kai.

Baba bai taɓa cewa wallahi a gabana ba. Yakan ce sunan Allah ya fi ƙarfin gardamar kasuwa.

Yana da gona a Garagumsa, gadon mahaifinsa. Wani maƙwabci, Ɗan Tani, ya ce tasa ce, ya kai ƙara gaban kumandan, Baturen da ke mulkin garin. Na bi Inna, mahaifiyata, na laɓe bayan zanenta. A wurin alƙali, mai rantsuwa sai ya yi alwala, a kai shi masallaci, a ba shi lokaci ko zai ji tsoro. Kumandan yana sauri. Ya sa aka aza Alƙur'ani a kan tebur, kusa da hularsa da tokar sigari.

Tafinta ya ce Baba ya dafa. Baba ya dubi teburin.

"Gonar tawa ce. Amma ba zan dafa shi a nan ba."

Tafinta ya rage murya: "Baba, don Allah dafa. Wannan mutumin bai san kunya irin tamu ba, ƙi kawai zai ji."

Bai dafa ba. Ɗan Tani ya matso ya rantse har sau uku. Na ga ya jawo hannun rigarsa ya rufe tafinsa kafin ya taɓa gafakar Alƙur'anin. Na faɗa wa Inna, Inna ta faɗa wa tafinta, ya ce an riga an yanke, gona ta zama ta Ɗan Tani.

Mutane suka ce a jira, rantsuwa za ta ci Ɗan Tani kafin kaka. Baba ne ya rasu. Ɗan Tani yana nan, ya yi ƙiba, yana noman gyaɗa.

Da Baba zai leƙo yau, zai ji yara suna wallahi tallahi a kan ƙwallon goruba. Ban san me zai ce ba.

Maƙwabta har yanzu suna yabon Baba, wai mutumin kirki. Inna takan amsa da amin, sannan ta ɗauki ƙwarya ta tafi awon gero, wanda a dā daga rumbunmu muke ɗiba.