Zuwan Gwaggo Gidanmu na Kankia

A zamanin Turawa, maigidana ya samu aikin awon auduga a Kankia, muka baro babban gidansu na Yashe. Na yi murna a raina, don na gaji da idon surukai. Gidan da muka samu ɗaki ɗaya ne da ɗan tsakar gida, amma nawa ne ni kaɗai.

Murnar ba ta jima ba. Da na haihu babu inda zan je wanka, don mahaifiyata ta rasu tun ina yarinya. Maƙwabta suka taimaka har aka yi suna, kowacce ta koma harkarta. Maigida kuma tun safe yana wajen sikeli. Sai in zauna da jaririya, tuwo ya huce a gabana ban taɓa ba. Na rame, nono ya ja baya, kuka yakan zo mini ba dalili.

Akwai ƙanwar mahaifinsa a Sukuntuni, mijinta ya rasu, ba ta taɓa haihuwa ba, ga ciwon gwiwa ya zaunar da ita. Ran nan maigida ya ɗora ta a jaki ya kawo ta. Ya kafa mata ɗakin kara a jikin namu. Raina bai so ba. Na ce da wanne zan ji, goyo ko jinya?

Da na kai mata tuwo, ta ture akushin.

“’Yar nan, na gaji da ci ni kaɗai. Wanko hannunki.”

“Na ƙoshi, Gwaggo.”

“To, ni ma na ƙoshi.”

Dole na zauna. Haka muka riƙa yi kullum, tana ci tana ba ni labarin mutanen Sukuntuni, har na fara dariya. Daga zaune take nuna mini yadda zan dama kunun kanwa da yadda ake gasa jikin jariri. Ni kuma in ɗebo mata ruwa, in murza mata man shanu a gwiwa. Nono ya dawo.

Da yarinyar ta fara rarrafe, ba ta da wurin zuwa sai bakin murhu. Gwaggo ta yi ta kira daga tabarma, ba ta ji. Wata rana na fito daga ɗaki na tarar da Gwaggo tsaye, ta dafa turmi, ta riƙo yarinyar. Daga nan ta soma takawa da sanda, har gidan suna take zuwa.

A hannuna ta rasu, bayan ta yaye mini yara uku.