Valdeci Mai Aski da Wasan da Ba Lissafi

Valdeci mai aski ne a unguwarmu ta Barreiro, a Belo Horizonte, amma mu da muke taruwa a bayan shagonsa ranar Lahadi da yamma ba aski ke kai mu ba. Shi ne mestre, mai jan labarin wasanmu. Da baki yake shimfiɗa mana duniyar dodanni da matsafa, kowannenmu ya ɗauki mutum ɗaya a cikinta ya zama shi. In za ka yi abu mai haɗari, sai ka jefa ƙwaya irin ta ludo, amma mai fuska ashirin, ka haɗa abin da ya fito da lambobin da ke takardarka, a ga ko ka tsira. Tun muna da ƙuruciya tsari ɗaya muke bi. Littattafansa uku ne masu kauri, Valdeci kuwa ya haddace su tsaf. Ba a taɓa ganin ya yi in-ina a teburin nan ba.

Mu uku ne 'yan wasansa: ni Zuleica, da Tião mai gyaran wuta, da Ademir tsohon direban bas, wanda ya yi shekara da shekaru yana riƙe da wani jarumi mai gatari.

Bara Ademir ya samu shanyewar ɓarin jiki. Ya tashi, amma hannun dama ya mutu, magana ta yi nauyi, lissafi kuma ya gudu daga kansa. Ranar da ya dawo tebur ya jefa ƙwaya, ya zura mata ido, leɓensa na motsi. Tião ya yi caraf ya ce, "Sha bakwai, mutumina, ka sare shi!" Da zuciya ɗaya ya faɗa. Ademir ya ture takardarsa, ya nemi sandarsa. Bai sake zuwa ba.

Matarsa, Dona Célia, ta biyo ta shago ta ce wa Valdeci, "Valdeci, mutumin nan bango kawai yake kallo. Ko kofi sai na yi da gaske."

Daga nan Valdeci ya rasa sukuni. Ya yi ta cigiya har ya samo wani tsarin wasa da babu lissafi a cikinsa. Karta ake zara: ja, ka yi nasara; baƙi, abu ya ɓaci. Sai dai ɗan littafin da Sifaniyanci aka rubuta shi, wanda Valdeci ke tsinta da ƙyar. Abin da ya fi tayar masa da hankali kuma, a wannan tsarin mestre ba ya shirya komai. Tambaya yake yi, 'yan wasa su gina labarin tare da shi.

"Zuleica, ina taswira?" ya ce da ni, yana juya littafin kamar wani shafi zai faɗo. "Ina jadawalin rauni? In dodo ya ciji mutum, ta ina zan san yawan jinin da ya zuba?"

"Sai ka tambaye shi."

"Dodon?"

Na yi dariya, shi ko murmushi bai yi ba. Ya rame a makonnin nan. Yana aski yana maimaita dokoki a ƙasan maƙoshi, har wani tsoho ya kama masa hannu ya ce ko dai aski ko addu'a, ya zaɓi ɗaya. Tsoronsa shi ne Ademir ya gane saboda shi aka sauya wasa, ya ɗauka tausayinsa ake ji. Ga Tião, wanda ya rantse ba zai yi wasan yara ba.

Dona Célia ce ta kawo Ademir ranar Lahadin da za a fara sabon wasan, da burodin cuku mai zafi a leda. Valdeci ya ce ya gaji da tsohon tsari, yana son gwada wani. Ademir ya dube shi kawai.

Tun farko abin ya cije. Valdeci ya manta wa ke fara zara. Ya buɗe littafi, ya rufe, ya sake buɗewa, zufa na bin wuyansa.

"To takobina fa, nawa yake ci?" in ji Tião.

"Ba ya cin komai. Ka faɗi yadda ka sara."

"Na sara da ƙarfi. Shi ke nan? Kai mestre, jikata ma ta fi wannan tsari in tana wasa da 'yar tsana."

Aka lallaɓa har jarumin Ademir ya tsaya a kan wata siririyar gada, dodo na tunkaro shi. Sai bakin Valdeci ya riga kansa, tsohon sabo ya kufce masa: "Haɗa da ƙarfinka, nawa ke nan?" Na ga hannun Ademir ya nufi sanda.

"A'a, a'a, zara za ka yi," Valdeci ya ce da sauri, yana tura masa karta har wasu suka zube ƙasa. "Zara kawai."

Ademir ya zara da hagu. Baƙi.

Valdeci ya ce, "Abu ya ɓaci. Kai za ka faɗa mana me ya ɓaci."

Muka jira. Tião ya buɗe baki zai taimaka, na taka masa ƙafa. Can Ademir ya ce, kalma bayan kalma, "Gatarin... ya faɗa ruwa."

"To yanzu fa?" in ji Valdeci, da ƙyar ake jinsa.

"In cije shi."

Tião ya tuntsire da dariya har da buga tebur. "Da waɗannan haƙoran naka na roba?" Ademir ya auna masa zagi, ya fito sarai ba gargada, har Dona Célia ta leƙo daga cikin shago.

Ba wai komai ya daidaita ba. Tião ya ƙaurace na wani lokaci, ya dawo yana mita. Valdeci har yanzu yakan kafe a tsakiyar labari, ya yi tsuru-tsuru, mu ciro shi. Ademir dai bai sake fashi ba.

Makon jiya Valdeci ya kira ni a waya, murya ƙasa-ƙasa, ina jin ƙarar injin aski a bayansa. Wai wani ɗan Ajantina mai jin Sifaniyanci ya zo aski, Valdeci ya roƙe shi ya karanta masa shafin littafin da ya yi bayanin karta, sai ga shi tun farko a baibai ya fahimta. In baƙi ya fito, mestre ne ke faɗin abin da ya ɓaci, ba ɗan wasa ba.

"Yanzu in gaya musu? Tião zai cinye ni ɗanye."

"In ka gyara, Ademir zai daina ba da nasa labarin."

"To ai ba haka dokar take ba, Zuleica."

"Wa ya sani, ban da ni da kai?"

"Da ɗan Ajantinan," ya ce. "Kuma ya ce yana son zuwa ran Lahadi."