Ɗahiru Mailafiya da Buhun Kaset

Ranar Asabar, 15 ga Fabrairu 2025, tsakiyar Sha'aban, Ɗahiru Mailafiya ya fara haɗuwa da Mikail a zauren Hajiya 'Yardada a Gwammaja. Ɗahiru mawaƙin biki ne, ɗan Gwale, ya ba hamsin baya. Tun Hajiya tana da rumfa ɗaya a kasuwar Ƙofar Wambai yake yi mata waƙa. Ita ce uwar ɗakinsa. Ko suna ko aure, ba ta kiran kowa sai shi.

Ya zo jin ranar bikin autarta Bahijja ne, sai ya tarar da wani matashi a kan tabarmar da ya saba zama, waya tana rera sunan amarya. Mikail ke nan. Sana'arsa ita ce ya karɓi sunayen dangi ya ba ƙirƙirarriyar basira, kafin shayi ya huce waƙa ta fito. Muryar ba tari, ba dishewa, kiɗan kuwa ya fi kama da na Indiya.

"Malam Ɗahiru, kai za ka yi waƙar wuni, shi ya yi ta waya," in ji Hajiya. "Danginmu na Jidda su ma su ji."

Ɗahiru ya dubi Mikail. "Wa ya rera?"

"Ba kowa, Baba."

"To ba kowan ne zai sa rigar da za a bayar?"

Hajiya ta yi dariya har da tafi. Shi bai yi ba.

Duk azumin nan waƙar Mikail ba ta bar shi ya huta ba. Ya ji ta a adaidaita sahu, ya ji ta wajen mai ƙosai. Ranar da aka kira Hajiya a gabansa ya ji ita ce kiɗan wayarta, ya koma gida ya kasa shan kunu.

Washegari ya ɗauki buhun tsofaffin kaset ɗinsa ya kai wa Salihu, mai shagon tura waƙoƙi.

"Ɗora ni inda yaron nan yake."

"Waɗanne za mu zaɓa, Malam?"

"Duka. Ya ga bambancin rijiya da kwalba."

Manhajar da ake ɗora waƙoƙi a intanet ta nemi a faɗi nau'in kiɗa, babu gurbin waƙar biki, Salihu ya jefa su cikin kiɗan duniya. Ɗahiru bai tsaya sauraron ko ɗaya ba.

A cikin buhun akwai zambon da ya taɓa yi wa Hajiya Larai, maƙwabciyar uwar ɗakinsa a kasuwa, zamanin da suke rigima a kan iyakar rumfa. A wani taron suna ya yi shi, cikin mata zalla, ya kira ta mai zare a kwali, ƙulli a zuci. Irin wannan zambo a taro yake mutuwa: a yi shewa, a naɗe tabarmi, shi ke nan. Matan biyu sun daɗe da shiryawa, har Mustafa, angon Bahijja, ɗan Larai ne.

Manhaja ba ta san an shirya ba. Ganin mutane suna maimaita waƙar, sai ta riƙa cusa ta ga duk mai neman waƙar Hausa. Kafin sallah, waƙar ta wuce ta Mikail nesa. Ɗahiru ya riƙa bi ta ƙofar shagon Mikail yana gyaran murya.

Sai Hajiya 'Yardada ta aiko ya zo.

"Malam Ɗahiru, ni ka ɗora a waya ko Larai? Da sunana ka buɗe waƙar. Dangin ango sun ce ni na sa ka."

"Hajiya, tsohuwar waƙa ce fa."

"Su jiya suka ji ta."

Salihu ya cire waƙar, amma ta riga ta shiga wayoyi. Da ƙyar manya suka sasanta, aka ɗaura auren bayan ƙaramar sallah. Waƙar Mikail aka sa a lasifika ranar wuni, ba a gayyaci Ɗahiru ba.

Yanzu yana nan a Gwale, yana zuwa bukukuwan ƙauyukan gefen gari in an kira shi. Hajiya 'Yardada tana amsa gaisuwarsa, amma ba ta sake sa shi waƙa ba.