Sodar da Na Kai wa Baba

A shekarun da kuɗin man fetur ya fara shigowa ƙasar nan, ina koyarwa a wata firamare a Birnin Kudu. An ƙara mana albashi, na sayi babur, na kuma ɗauki wani hali da nake jin kunyarsa yanzu: duk abin da ya zo cikin kwali da rubutun Turanci, gani nake ya fi na gida. Ƙauyenmu yana gefen Sara, a ƙasar Gwaram. Can Baba da Inna suke, suna noman gero da gyaɗa, da 'yan shanu a bayan gida.

Baba ya daɗe yana fama da ƙwannafi. In ya taso masa, sai ya jiƙa ɗan gutsuren kanwa ya kurɓa yana yamutsa fuska. Ba ya son ɗanɗanonta ko kaɗan, don haka sai abin ya ci ƙarfinsa yake sha.

Wata Asabar na je gida da kwalin soda, farar hodar nan da masu gashin burodi suke amfani da ita, na saye ta a kemis. A kwalejin horon malamai an nuna mana aikinta: in ta haɗu da abu mai tsami sai su tafasa ba wuta, iska ta fita, tsamin ya mutu. Na sa Inna ta miƙo mini jiƙon tsamiyar da za ta yi kunu da shi, na zuba kaɗan a moɗa, na barbaɗa sodar. Kumfa ta taso ta zubo a kan tabarma. Baba ya janye ƙafarsa da sauri yana a'uziyya. Na yi masa bayani cewa ƙwannafi ma tsami ne yake tasowa daga ciki, haka za ta kashe shi. Na dama masa rabin cokali a ruwa. Ya sha, bai jima ba ya yi wata doguwar gyatsa, ya shafa ƙirjinsa, ya dube ni da mamaki. Ya tambaye ni ko tana da wata illa. Na ce masa abin da ake sawa a burodi ai ba zai cuci mutum ba.

Inna ma ta samo mata ayyuka. Ta gano tana nunar da wake da wuri, tana sa miyar kuɓewa yauƙi, tana fitar da baƙin gindin tukunyar ƙarfe. Saboda haka da aka fara aiko mini da saƙo ta hannun direban motar kasuwa cewa a ƙaro soda, ban kawo komai a raina ba. Na aika da kwali biyu, daga baya huɗu. Damina ta yi ƙarfi, hanya ta lalace, ga aikin makaranta, na yi kusan wata uku ban leƙa gida ba.

Da hantsi na isa ranar da na koma. Na yi sallama a zaure, na ga wani mutum zaune ya jingina da bango, fuskarsa ta cika ta yi sumul, idanunsa sun shige ciki. Na gaishe shi gaisuwar baƙo, ina shirin wucewa. Sai da ya amsa na gane muryar. Baba ne.

Na durƙusa a gabansa. Baba siririn mutum ne, tun ina yaro ana iya ƙirga jijiyoyin hannunsa. Yanzu ƙafafunsa sun zama kamar turame, fatar tana sheƙi, takalmin fatarsa yana gefe don ya daina shiga. Kalma uku yake yi ya tsaya ya ja numfashi. Na danna ƙwaurinsa da yatsa, wurin ya lotsa ya ƙi tasowa. Na zauna ina kallon ramin da yatsana ya bari.

Inna ta ce tun tsakiyar damina abin ya fara, Baba ne ya hana a gaya mini. Wasu sun ce sammu ne, wasu sun ce ya taka wani abu a gona. An yi rubutu, an yi turare.

Ba zai iya hawa babur ba. Washegari muka shimfiɗa masa tabarma a bayan akori-kura, ni da Inna muka riƙe shi har Birnin Kudu.

Likitan da ya duba shi a asibiti dattijo ne mai magana a hankali. Ya auna jininsa, ya sake aunawa, ya daɗe yana sauraron ƙirjinsa. Ya tambayi Inna ko Baba mai cin gishiri ne da yawa, ta ce a'a. Ya tambayi kanwa, ta ce ai ya daina tun da aka kawo masa ta Turawa. Likita ya ajiye alƙalaminsa ya ce wace ce ta Turawa. Inna ta kwance bakin zanenta ta fito da kwalin, don ko a motar sai da Baba ya sa ta taho da shi. Ta ce cokali guda yake sha bayan kowace salla, wani lokaci har da tsakani.

Likita ya juyo gare ni, ganin ni ne mai rigar 'yan boko.

"Malam, wa ya ba shi wannan?"

"Ni ne."

Bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya ce soda da gishiri 'yan uwa ne, sinadari ɗaya ne a cikinsu mai riƙe ruwa a jiki. Mai lafiya in ya sha kaɗan jifa-jifa, ƙodarsa za ta fitar. Amma Baba zuciyarsa da ma ta fara rauni, ga hawan jini, kullum kuma yana ɗura wa kansa abin da ya fi gishirin miyar gida guda. Ya ƙara da cewa ƙwannafin da ba ya jin magani alamar gyambon ciki ce, sodar tana rufe shi ne kawai na ɗan lokaci.

Na fita na tsaya gindin wata darbejiya. Na san abin da soda take yi a cikin moɗa, na koya wa yara shi a allo. Ban taɓa tambayar ina take zuwa ba bayan kumfar ta kwanta.

An kwantar da shi kusan mako uku. Aka ba shi ƙwayoyin da suka sa shi fitsari ba ƙaƙƙautawa, kullum da safe sai in tarar fuskarsa ta ɗan dawo. Ranar da ya iya zuwa alwala da kansa, na zauna a bakin gadonsa na ce ya yafe mini, ni na jawo masa. Sai ya ce:

"Rabin cokali ka ba ni. Sauran ni na ƙara da hannuna."

Daga nan ya shiga tambayata ko an cire gyaɗar gonar gabas, kamar ba a yi wata magana ba.

Ya koma gida, ya ƙara shekaru masu dama a duniya, amma bai sake riƙe garma ba. Ƙanena ya karɓi gonakin. Inna ta koma yin miya tukunya biyu, tasa ba gishiri, shi kuwa kullum sai ya yi mitar cewa ruwan kuka ake ba shi. Sau da yawa ta kama shi a madafa yana lakatar tata da yatsa.